"An ƙara ta?" Tarihi da gaskiyar yankan da ake wa mata a ɗakin haihuwa

Duk wadda ta saba zuwa barka ta san yadda tambayoyin ke jeruwa. Me aka samu? Ta sauka lafiya? Da kanta ta haihu ko aiki aka yi mata? Sai kuma a rage murya, a karkata wajen uwar maijego ko yayarta, a ce, "An ƙara ta?" In haihuwar fari ce, kuma a asibiti aka yi ta, sau da yawa mai tambayar ta riga ta san amsa. Akwai iyayen da tun ciki yana wata bakwai suke gaya wa 'yarsu ta ɗaure zuciya, wai mai cikin fari ba ta barin ɗakin haihuwa sai da ɗinki. Abin ya shiga jiki har ya zama kamar kuɗin kati, kowa sai ya biya kafin a duba shi.

Kalmar da muka zaɓa wa abin tana da laushi. In ka cire ƙarin da ke tsirowa a jiki, ƙari a bakin Bahaushe alheri ne: ƙarin albashi, ƙarin girma, ƙarin miya a kan tuwo. Wanda ake yi a ɗakin haihuwa kuwa yanka ne. Ungozoma ko likita na sa almakashi a yanka fata da tsokar da ke tsakanin gaban mace da dubura, daidai lokacin da kan jariri ya danno ya miƙar da wurin, domin hanya ta ƙara faɗi. Likitoci na kiransa efisiyotomi. Bayan jariri da mabiyiya sun fito sai a ɗinke. Tiyata ce, ko da ba a tura mace ɗakin tiyata ba.

Hausa ta raba abu biyu da ake yawan cakuɗawa. Akwai "ta ƙaru", wato wurin ya tsage da kansa sa'ad da kai ke fitowa. Akwai "an ƙara ta", wato da hannu aka yanka. Gardamar da likitocin duniya suka kwashe kusan shekara ɗari suna yi tana tsakanin waɗannan kalmomi biyu ne: a ƙyale mace, ta ƙaru ko kada ta ƙaru, ko kuwa a riga jikin a yanka?

Ƙaruwa hawa-hawa ce. A mataki na ɗaya fata ce kawai ke tsagewa, wani lokaci ko ɗinki ba a yi. Na biyu ya shiga tsoka. Na uku ya taɓa zoben tsokar da ke kewaye da dubura, wanda da shi mutum ke riƙe iska da bayan gida. Na huɗu ya ratsa zoben har cikin dubura. Biyun farko su aka fi gani, kuma suna warkewa cikin 'yan makonni. Biyun ƙarshe ne abin tsoro, don in ba a gane su ba, ko ba a ɗinke su yadda ya kamata ba, mace na iya kasa riƙe iska ko bayan gida. Alwala ta gagara tsayawa, shiga taro ya zama fargaba, kuma ciwo ne da kunya ke hana a faɗa wa ko da uwa. To shi ƙarin almakashi daga mataki na biyu yake farawa, tunda fata da tsoka yake ratsawa. Duk matar da aka ƙara, an yi mata rauni na tabbas domin a kare ta daga raunin da ƙila ya zo, ƙila kuma bai zo ba. Cinikin ba zai yi riba ba sai in kariyar gaskiya ce.

Bayanin farko da aka sani a rubuce game da wannan yanka ya fito ne daga wani likitan haihuwa a Dabilin ta ƙasar Ayilan, Fielding Ould, a shekarar 1742. Shi ma dabarar ƙarshe ya ɗauke shi, in kai ya tsaya a ƙofa ya ƙi fita. Haka aka zauna fiye da shekara ɗari da hamsin ba kasafai ake yi ba, tunda a zamanin da ba a iya hana rauni ruɓewa, yanka maijego caca ce da ranta.

A Amurka abin ya juya, a farkon ƙarni na 20, lokacin da haihuwa ke tashi daga gida tana komawa asibiti, daga hannun ungozomomi zuwa hannun likitoci. A 1920 wani babban likita a Shikago, Joseph DeLee, ya gabatar wa takwarorinsa tsarin da yake ganin ya dace da mai haihuwar fari: a ba ta maganin da zai gusar mata da hankali, a yanka, a sa ƙarfe a jawo jariri, a ɗinke. A ganinsa haihuwa kanta abu ne mai lahani ga uwa da ɗa, aikin likita ya riga ta. Hujjojinsa kuma suna shiga kunne. Yankan almakashi miƙaƙƙe ne, ya fi tsagewar da ta yi rassa sauƙin ɗinki. Yana hana mummunar ƙaruwa. Yana kare tsokokin ƙasan mara kada su saki daga baya. Yana rage matsin da kan jariri ke sha. Har da cewa ɗinkin kan mayar da mace kamar ba ta taɓa aure ba. Abu ɗaya ya rage: bai gwada ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Babba ya faɗa, aka sa a littattafan koyarwa, ɗalibai suka haddace, suka zama malamai suka koyar. Zuwa 1979, kusan kashi 61 cikin 100 na matan da suka haihu da kansu a Amurka an ƙara su, a masu haihuwar fari kuwa adadin ya wuce haka. Ingila ta bi sahu, mu kuma da muka gaji makarantun likitoci da na ungozomomi daga can muka samu namu rabon.

Sai a 1983 wasu masu bincike biyu a Amurka, Stephen Thacker da David Banta, suka tattara abin da aka rubuta da Ingilishi a kan yankan daga 1860 zuwa 1980, suna neman hujjar da aka gina al'adar a kanta. Ba su samu ba. Abin da suka tarar shi ne shaidar illa: ciwo, kumburi, ruɓewar rauni, da zafi wajen kwanciyar aure.

Da shekara ta zagayo, a 1984, wata ungozoma a Ingila mai suna Jennifer Sleep da abokan aikinta suka fitar da sakamakon irin gwajin da ya kamata a yi tun zamanin DeLee. Mata 1,000 aka raba gida biyu ta hanyar ƙuri'a. A gida ɗaya an ce wa ungozomomi su yanka don hana tsagewa, a ɗayan an ce su riƙe hannunsu sai in jariri ne ke cikin haɗari. Aka ƙara kashi 51 a na farko, kashi 10 a na biyu. Matan da aka taƙaita wa yanka ba su fi sauran shan ciwo ko yoyon fitsari ba, waɗanda suka tashi ba ɗinki sun fi yawa a cikinsu, kuma sun riga sauran komawa shimfiɗar mazansu. Da aka sake waiwayarsu bayan shekara uku, alƙawarin nan na kare mara bai nuna kansa ba.

A 1993 aka yi wanda ya fi shi girma a asibitocin gwamnati na Ajantina, da mata 2,606. A ɓangaren da ake yanka bisa al'ada an ƙara kashi 83, a ɗayan kashi 30. Mummunar ƙaruwa ta samu kashi 1.5 a na farko, kashi 1.2 a na biyu. Ke nan an yanka ƙarin mata ɗaruruwa ba tare da an tsirar da kowa daga abin da ake gudu ba. Waɗanda ba a yanka ba sun fi samun 'yar tsagewa ta gaba, wadda galibi ba ta da zurfi, amma sun fi ƙarancin ciwo da warwarewar ɗinki. A Montiriyal ta Kanada kuwa, gwajin da likita Michael Klein ya jagoranta a farkon shekarun 1990 ya fito da abin da ya fi ɗaure kai: kusan duk matan da raunin ya kai musu dubura, waɗanda aka yi wa yankan da ke miƙewa tsaye ƙasa ne. Abin da aka kawo don kariya shi ya buɗe wa ɓarnar hanya.

Wanda ya taɓa sayen yadi a Kantin Kwari ba zai yi mamaki ba. Ka ja bakin yadi da hannu biyu, sai ka sha wuya bai kece ba. Mai shago kuwa ɗan tsaga bakin kawai yake yi da almakashi, ya ja, sai yadin ya tafi har ƙarshe. Nama ba yadi ba ne, amma inda aka fara tsagawa nan ƙarfi ke bi. Shi ya sa alkiblar yankan take da muhimmanci. Wanda Amurkawa suka saba yi miƙewa yake yi daga gaba ya nufi dubura: yana da sauƙin ɗinki, amma in ya zarce zoben tsoka zai faɗa. Wanda aka fi yi a Ingila da asibitocinmu karkata shi ake yi gefe. Ƙungiyar likitocin haihuwa ta Ingila ta ce a karkata shi digiri 60 daga tsakiya, domin wurin a miƙe yake lokacin yankan, kuma da zarar jariri ya fita fatar ta koma, sai a ga kwanar ta tsuke ta matso kusa da dubura fiye da yadda aka zata.

A 2017 masu tace bincike na ƙungiyar Cochrane suka haɗa gwaji 12 da suka ƙunshi mata 6,177. A wajen matan da ake sa ran za su haihu da kansu ba tare da jawowa da na'ura ba, tsarin yanka sai da dalili ya rage mummunan rauni da kusan kashi 30 cikin 100 a kan tsarin yi wa kowa, kuma ba a ga ya cutar da jarirai ba. Kafin nan, a 2006, ƙungiyar likitocin haihuwa ta Amurka ta janye daga al'adar da magabatanta suka assasa, kuma zuwa 2012 adadin a can ya faɗo ƙasa da kashi 12. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda tun 1996 ta nuna cewa kusan kashi 10 ya isa a haihuwar da ba ta da matsala, ta faɗa ƙarara a ƙa'idojinta na 2018 cewa ba ta yarda a riƙa yin ƙari bisa al'ada ko a saukake ga mai haihuwa da kanta ba.

Alƙaluman ƙasashe kaɗai sun isa su sa mutum ya tsaya. A wajajen shekarar 2000, a Suwidin mace ɗaya cikin goma ake ƙarawa, a Taiwan kusan kowa. A asibitocin Latin Amurka, tara cikin goma na masu haihuwar fari. Halittar mata ba ta bambanta haka tsakanin ƙasa da ƙasa ba. Makarantar da mai riƙe da almakashin ya fito ita ta bambanta.

Kada kuma a ji wannan a ce ƙari zalunci ne duk inda aka yi shi. Yana da ranarsa. In kai ya iso ƙofa, bugun zuciyar jariri ya faɗi bai dawo ba, mintoci biyar da yankan zai rage suna iya zama bambanci tsakanin yaro lafiyayye da wanda ƙwaƙwalwarsa ta taɓu. In za a jawo jariri da ƙarfe ko da kofin zuƙa, wato ɗan kofin da ake mannawa a kan jariri a jawo shi, musamman a haihuwar fari, nan ma hujja ta karkata wajen yanka. Gwajin da aka yi a Suwidin aka fitar a 2024, a kan masu haihuwar fari wajen 700 da aka jawo wa jariri da kofin zuƙa, ya nuna raunin zoben dubura ya samu kashi 6 na waɗanda aka tsara yi wa yankan gefe, da kashi 13 na waɗanda aka tsara ƙyalewa, duk da cewa ruɓewa da buɗewar ɗinki sun ɗan fi yawa a na farkon. In kafaɗa ta maƙale bayan kai ya fito, yankan ba ya sakin kafaɗar, don a ƙashi ta sarƙe, amma yana iya ba hannun likita wurin shiga ya juya jariri. A ƙasashe irin Sudan da Somaliya, inda ake wa 'yan mata kaciyar da ke ɗinke gaba, sai an buɗe tabon kafin kai ya samu hanya, wannan kuma wani yanka ne daban da al'ada ta jawo.

Abin da ba dalili ba ne shi ne wanda aka fi ji: "ai ta fari ce." Haihuwar fari takan sa wurin ya ɗauki lokaci kafin ya miƙe, kuma maganin wannan haƙuri ne, muddin jariri yana lafiya. Haka nan don an ƙara mace a haihuwar baya ba ya wajabta a sake.

To me ya sa al'adar ta ƙi mutuwa a ɗakunan haihuwarmu, alhali littattafan da ake koyarwa da su yanzu sun sauya? Ban yarda mugunta ce ba, kodayake akwai masu baƙin hali a kowace sana'a. A dubi ungozoma ɗaya a aikin dare, gado huɗu duk da mai naƙuda, wata kuma a tabarma tana jiran gado. Jiran wurin ya miƙe da kansa yana iya cin minti ashirin, almakashi ya gama cikin biyu. In an ɗauke wuta, da fitilar waya za ta yi ɗinki, kuma miƙaƙƙen yanka ya fi sauƙin bi a wannan hasken. Sannan ga lissafin laifi, wanda a ganina shi ne babban ginshiƙin. In ba ta yanka ba mace ta ƙaru har dubura, da safe za a tambaye ta me ya hana ta yanka. In ta yanka ya zarce har dubura, sai a ce ta yi iya yinta, jaririn ne babba. Ma'aikacin da ya ga hanya ɗaya tana jawo masa tuhuma, ɗayar ba ta jawowa, ba sai an gaya masa wadda zai bi ba. A ƙara da ɗalibai, waɗanda a makarantu da dama sai sun cike adadin ƙari da ɗinki a littafin horonsu.

Akwai kuma abubuwan da ɗakin haihuwa kansa ke yi da suke sa yankan ya zama kamar dole. Kakanninmu a durƙushe suke haihuwa. Asibiti ya kwantar da mace rigingine, ƙafafu a sama, domin sauƙin mai karɓa. Ana ɗaura ruwan naƙuda don a gaggauta, ana daka tsawa "yi nishi, yi nishi", wani lokaci har wata ta hau ta danna saman ciki, abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a daina. Kai ya taho da gudu a kan fatar da ba ta gama miƙewa ba, ta yi fari tana ƙyalli, sai a ce ga shi nan za ta yage, a ɗauko almakashi.

Inda na fi ganin gazawa ba a yawan yankan ba ne kaɗai, a yadda ake yinsa ne. A wani bincike da Hukumar Lafiya ta Duniya ta jagoranta aka fitar a 2019, an sa masu lura sun zauna a ɗakunan haihuwa a Najeriya da Gana da Gini suna rubuta abin da suka gani. Cikin ƙari 253 da aka yi a gabansu, 190 ba a nemi yardar matar ba. Uku cikin huɗu ke nan, kuma ma'aikatan sun san ana kallonsu. Mata da yawa ba sa sanin an yanka su sai sun ji shigar allurar ɗinki. Uzurin da ake bayarwa shi ne lokaci ya ƙure, wa zai tsaya bayani kai yana ƙofa? Amma mace ta yi wata biyar tana zuwa awo, tana zama a benci ana yi musu lacca kan gidan sauro da cin ganye. A nan ya kamata a yi maganar. A ɗakin haihuwa kuma jimla ɗaya ta isa: "Bugun zuciyar yaronki ya sauka, ina so in ƙara ki ya fito da sauri, zan yi miki allura tukuna." Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 a Najeriya ta ɗora wa ma'aikacin lafiya ya sanar da majinyaci abin da za a yi masa, da haɗarinsa, da haƙƙinsa na ƙin yarda. Naƙuda ba ta soke wannan haƙƙi ba.

Batun allurar kashe zafi ma haka. Ana cewa in an yanka a tsakiyar nishi mace ba ta ji. Ko da a ce haka ne, ɗinkin fa? Ɗinki a ɗanyen nama ba allura azaba ce da mace ba ta mantawa, ta haifi goma tana ba da labarinta. Ruwan allurar da ake buƙata yana cikin mafi arahar magungunan asibiti.

Labarin nan da take bayarwa yana da farashi. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 39 cikin 100 na haihuwa a Najeriya ne kawai ake yi a asibiti, a Arewa maso Yamma kuwa bai kai kashi 20 ba. Dalilan suna da yawa: kuɗi, nisa, kunya, jiran izinin maigida. Amma duk wanda ya saurari hirar mata ya san tsoron almakashi na ciki. A gida kuma wani yankan ne ke jira, wanda ya fi wannan muni nesa. In naƙuda ta yi tsawo, akan kira ungozoma ko wanzami a yi yankan gishiri, a sa aska ko reza a tsaga cikin gaban mace, galibi ta sama, inda mafitsara da hanyar fitsari suke. Doguwar naƙuda mafi yawa daga ƙashin ƙugu take, kai ya fi hanyar ƙashi girma ko ya zo a karkace, kuma babu yankan nama da zai faɗaɗa ƙashi, na wanzami ne ko na asibiti. Maganinta tiyata. A wani nazari da aka fitar a 1983 kan mata 1,443 masu yoyon fitsari a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, kashi 13 cikin 100 yankan gishiri ne ya jawo musu. Saboda haka mai gudun asibiti don tsoron ƙari ta yi gudun gara ta faɗa gidan zago. Sai dai asibitin da ke yanka kowa ba bayani shi ma yana da hannu a gudun nata.

Dole a taɓo wata magana da ake yi ƙasa-ƙasa. Akwai matan da ke son a ƙara su, ko a ƙara musu ɗinki, saboda imanin cewa wadda ta haihu ba ɗinki ta buɗe, maigida zai juya mata baya. A kasuwar da kayan matsi ke tashe, ba abin mamaki ba ne. Wannan dai tsohon alƙawarin DeLee ne ya dawo da zani da kallabi. Ɗinkin da ya wuce kima fatar bakin kawai yake tsukewa, ya bar tabo mai tauri da ke sa kwanciya ta zama ciwo, wani lokaci har sai an sake tiyata an sassauta. Ƙarfin wurin a tsokokin ƙasan mara yake, yanka kuma raunana su yake yi. Abin da ke dawo da su lokaci ne da motsa su: mace ta matse kamar mai riƙe fitsari, ta ƙirga kaɗan, ta saki, sau da dama a yini.

Akwai dabarun da aka gwada suna rage ƙaruwa da buƙatar ƙari, kuma ba sa cin kuɗi. Mai cikin fari da ke murza wurin a hankali da mai mai tsabta daga wajen mako na 34 tana rage yiwuwar a ɗinke ta. Tsumma mai tsabta da aka jiƙa a ruwan ɗumi, a dafa shi a wurin sa'ad da kai ke dannowa, yana rage rauni mai mataki na uku da na huɗu. Ungozoma ta tallafe wurin da hannu, ta ce wa mace ta sassauta nishi ta riƙa huci domin kai ya fito sannu a hankali. A bar ta ta kwanta ta gefe ko ta durƙusa in haka jikinta ke so.

In kuma an riga an yi, jego ne ke yanke hukuncin yadda zai warke. Zaren da ake amfani da shi narkewa yake yi da kansa, ba a cirewa. Shiga ruwa yana taimakawa, amma a nan iyayenmu mata da asibiti suke rabuwa. A wajen gwaggo, ruwan da bai sa maijego ihu ba bai gasa ta ba. Ruwan da ke ƙona hannu kuwa yana ƙona rauni, ɗinki ya saki. Ɗumi ake so, a roba mai tsabta da ba a wani aiki da ita, a tashi a tsane wurin ya bushe. Kada a cusa komai, ko garin bagaruwa ne ko wani haɗi. A yawaita sauya ƙunzugu, a wanke daga gaba zuwa baya, a sha ruwa a ci ganye don kada bayan gida ya yi tauri. Farasitamol ba ya hana shayarwa, babu ladan da ke cikin jure ciwon da ke da magani. Zazzaɓi, wari, ruwan mugunya, ciwon da ke ƙaruwa maimakon raguwa, ko ɗinkin da ya buɗe, duk na komawa asibiti ne a ranar, ba sai an yi suna ba. Arba'in ta zo daidai da mako shida da ake so maijego ta koma a duba ta, kuma a wannan zama ne ya kamata ta cire kunya ta faɗa in iska na kufce mata ko kwanciya na yi mata zafi, don duka biyun ana gyarawa.

Sauya hannun da ya saba yana da wuya, amma an gwada an gani. A wani gwaji da aka fitar a 2008 a asibitoci 19 na Ajantina da Yurugwai, a wasu daga cikin asibitocin an sa ma'aikata sun zaɓi waɗanda suke jin maganarsu a cikinsu, aka horar da su, su kuma suka riƙa bin abokan aikinsu ɗaya bayan ɗaya, ana nuna wa kowane asibiti alƙalumansa. Ƙari ya sauka daga kashi 41 zuwa kashi 30, a asibitocin da ba a taɓa ba kuwa bai motsa ba. Ba a sayi wata na'ura ba. Kowane ɗakin haihuwa a nan yana da babbar rajista da ake rubuta wadda aka ƙara. Da shugabar ungozomomi za ta ja layi ɗaya a gefe don rubuta dalili, ta ƙirga a ƙarshen wata, ta kuma daina tuhumar wadda ta yi haƙuri mace ta ɗan ƙaru, da an ga sauyi kafin shekara.

Mai ciki ba sai ta jira wannan ba. Ranar awo, bayan an auna jini an saurari bugun zuciya, tana iya tambaya cikin ladabi: "Sista, a nan duk mai haihuwar fari ake ƙarawa, ko sai da dalili? In ya zama dole, za a gaya mini kafin a yi? Allurar kashe zafin akwai, ko in haɗa ta cikin kayan haihuwa da safar hannu da auduga?"